Ɗan Hakin da Ka Raina: Yadda Manhajojin Rubutu Suka Zama Ƙofar Ɓarayi

Lokacin da nake aji biyar na firamare, ni ne mai karanta wa dattawan unguwarmu wasiƙa. Idan ɗan wani ya rubuto daga Ikko ko Fatakwal, bayan sallar La'asar sai a aiko a kira ni, in zauna a gefen tabarma, in warware takarda in karanta tun daga gaisuwa har zuwa sa hannu. Sau da yawa wasiƙar takan zo da umarni a cikinta: a sayar da ɗan maraƙin nan, a ba wane naira kaza, a buɗe rumbu a auna wa wance tiya biyar. Amma ko sau ɗaya ban taɓa miƙewa na nufi rumbu don wasiƙa ta ce a buɗe shi ba. Nawa karatu ne kawai. Yanke shawara na maigida ne, shi zai auna ya ga ko maganar ta yi kama da ta ɗansa, ko kuwa wani ne ya ari sunansa. Wannan iyaka da ke tsakanin karanta magana da aikata ta, wadda yaro ɗan firamare ya sani ba tare da an koya masa ba, ita ce na ga tana neman shafewa a cikin kwamfutocin da muke aiki da su a ofisoshinmu, kuma a wurin da ba wanda ya yi zato.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wasu labarai biyu da suka fito a watan Fabrairun 2026, tsakaninsu bai kai kwana goma ba. A ranar 2 ga wata, mai manhajar Notepad++, Don Ho, ya sanar da duniya cewa 'yan dandatsa sun shafe watanni suna karkatar da hanyar da manhajarsa ke bi wajen sabunta kanta. A ranar 10 ga wata kuma kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a cikin Notepad na Windows 11, ɓarakar da za ta iya ba wani na nesa damar sa kwamfutarka ta aiwatar da umarninsa. Da na ba wani abokina labarin, akanta ne a wata ma'aikata, sai ya yi dariya ya ce, "Haba malam, Notepad fa ka ce! Ai rubutu ne zalla, me zai yi wa mutum?" Wannan dariya tasa ita ce ainihin matsalar, domin kuwa na tabbata mafi yawan masu karanta wannan shafi irin amsar da za su bayar ke nan.

Ga wanda bai saba ba, manhajar rubutu zalla ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kayan aikin kwamfuta. Allo ne da alli: ba ado, ba hoto, haruffa ne kawai ake jerawa a adana. Notepad ya zo tare da Windows tun fitowarta ta farko a 1985. Sai dai raina kama ka ga gayya, domin da irin waɗannan manhajoji ne ake rubuta dukkan sauran manhajoji, kuma da su ne injiniyan banki ko na kamfanin waya yake buɗe fayilolin da ke tafiyar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da asusun jama'a da bayanansu. Saboda haka mutumin da ya fi kowa buɗe manhajar rubutu a kowace ma'aikata, galibi shi ne wanda makullan gidan duka ke rataye a ƙugunsa. Duk umarnin da ya samu ya gudana ta cikin manhajarsa, da ikonsa zai gudana. Ɓarawon da ya san abin da yake yi ba ruwansa da masinja, mai makulli yake nema.

To, ta yaya rubutu ke zama umarni? Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na manhajar Vim, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya fitar a 1991, wadda kuma da wuya ka shiga uwar garken da ke amfani da Linux ba ka same ta ko 'yar uwarta ba. Vim tana da wata al'ada da aka yi domin sauƙaƙa wa masu aiki. Mai rubuta fayil yana iya sanya wani layi na musamman a cikin layuka biyar na farko ko biyar na ƙarshe, wanda ke gaya wa manhajar yadda za ta nuna rubutun: faɗin layi kaza, tazara kaza. Da an buɗe fayil sai Vim ta leƙa, in ta ga layin ta bi abin da ya ce, ba ta tambayi kowa ba. Wato dai an ba mai karanta wasiƙa izinin aikata ƙananan abubuwan da wasiƙa ta ce, bisa sharaɗin kada ya taɓa rumbu. Kuma lallai an yi shinge, an hana wannan layi kaiwa ga manyan umarni.

A tsakiyar 2019 wani mai bincike, Armin Razmjou, ya nuna cewa akwai wani umarni guda wanda idan aka ƙara masa alamar motsin rai a ƙarshe, yakan sa Vim ta karanta abin da ke cikin fayil kamar mai kwamfutar ne da kansa ke buga shi, kuma a wajen shingen. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ka buɗe fayil, ba ka latsa komai ba, ba ka amince da komai ba, amma an riga an buɗe wa wani ƙofa daga nesa yana ba kwamfutarka umarni. Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin gwajin da ya nuna shi ne dabarar ɓoye sawu: fayil ɗin yana goge mugun layin da zarar ya gama aiki, sannan an saka wasu haruffan da ke hana layin bayyana idan mutum ya yi taka-tsantsan ya fara leƙa fayil ɗin ta hanyar da aka saba. An toshe ɓarakar cikin gaggawa a Vim 8.1.1365 da Neovim 0.3.6. Sai dai ba wannan ne karon farko ba. Tun a 2002 wani ɗan Bulgeriya, Georgi Guninski, ya nuna irin wannan rauni a wannan layi ɗin dai, aka sake samun wani a 2007, aka kuma samu a 2016. Shekara 17 ana faci a wuri guda. Idan tufa ta yage sau huɗu a kafaɗa ɗaya, ai sai a daina zargin zare, a dubi ɗinkin. Masu tsara Debian sun gane haka, shi ya sa suka kashe wannan al'ada gaba ɗaya a cikin Vim ɗin da suke rabawa, wanda yake so ya kunna da hannunsa.

Abokiyar hamayyar Vim, wato Emacs, ita ma ba ta tsira ba. A watan Satumban 2017 sai da aka fitar da Emacs 25.3 cikin gaggawa, domin an gano cewa wata hanya ta ƙawata rubutu tana barin a cusa umarni a ciki, har ta saƙon imel ga masu karanta wasiƙunsu da manhajar. A watan Yunin 2024 aka sake fitar da 29.4 a kan wani rauni mai kama da wannan.

Na Microsoft kuwa shi ne ya fi ban takaici, domin da hannu aka jawo shi. Shekara da shekaru Notepad yana zaune a matsayin allo da alli, ba ya fahimtar komai a cikin abin da yake nunawa, kuma wannan rashin fahimta shi ne garkuwarsa. Sai kamfanin ya cire WordPad daga Windows 11 a 2024, ya shiga loda wa Notepad kaya: gyaran kuskuren rubutu, ƙirƙirarriyar basira mai sake tsara jimla, sannan a 2025 aka koya masa tsarin Markdown, wanda ke mayar da wasu alamomi su zama kanun magana, ko rubutu mai kauri, ko rariyar liƙau, irin kalmar nan da ake latsawa ta kai mutum wani wuri. A wannan rariya aka samu matsala. Mugu yana iya shirya ta yadda idan aka latsa, maimakon ta buɗe shafin intanet, sai ta sa Windows ta janyo wani fayil daga nesa ta gudanar da shi ba tare da gargaɗin da ya kamata ba. Gaskiya ne cewa sai mutum ya latsa, kuma wannan ya sa bai kai na Vim muni ba. Amma wa ya taɓa gaya wa ma'aikaci cewa ya ji tsoron latsa abu a cikin Notepad? Duk horon da ake ba mutane a kan imel ne da shafukan intanet. Garin neman gira an rasa ido, kuma ban san ma'aikacin da ya taɓa kai kuka cewa Notepad ɗinsa ba shi da ado ba.

A nan ne nake saɓawa da masu cewa duk laifin na mai amfani da kwamfuta ne, wai shi ne ba ya lura. Wace lura ake so mutum ya yi, alhali aikinsa ke nan ya buɗe takardun da aka aiko masa? Akanta zai buɗe lissafi, lauya zai buɗe yarjejeniya, edita zai buɗe maƙalar da baƙo ya turo. Buɗe takarda ba sakaci ba ne. Alhakin yana wuyan wanda ya ƙera mai karatu, sannan ya koya masa biyayya ga takarda don ya burge kasuwa. Kowane sabon ado da aka ƙara wa manhaja wani sabon harshe ne da aka koya mata ta ji, kuma duk harshen da take ji ana iya yaudararta da shi.

Labarin Notepad++ daban yake, kuma shi ne ya fi hana ni barci, domin ya taɓa shawarar da mu masu rubutu a kan waɗannan al'amura muka fi bayarwa, wato a riƙa sabunta manhaja. A wannan karon ba ta cikin fayil aka shiga ba. Bisa bayanin Don Ho, an kutsa cikin kamfanin da ke ɗauke da gidan yanar manhajar ne tun daga watan Yunin 2025, kuma maharan ba su rasa damarsu ba sai a farkon Disamba. A tsawon wannan lokaci, idan kwamfutar wanda suke hari ta tambaya ko akwai sabon zubi, sai a karkatar da ita zuwa wata uwar garke a ba ta gurbatacce, ita kuwa manhajar sabuntawar ba ta tantance sa hannun abin da aka ba ta yadda ya kamata. Ba kowa suka taɓa ba, zaɓe suka yi ta yi, abin da ya sa masu bincike suka karkata ga cewa leƙen asiri ne, suka kuma danganta aikin da wata ƙungiya da ake zargin tana da alaƙa da gwamnatin Sin. An gyara hanyar tantancewar daga zubi na 8.8.9. Kuma kada wani ya ɗauka wannan halin ƙasa ɗaya ne: takardun da WikiLeaks ya fallasa a watan Maris na 2017 sun nuna cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ma ta shirya gurbataccen sashe na wannan manhaja ɗin dai, har sai da aka fitar da zubi na 7.3.3 domin magance shi. Manyan ƙasashe ba sa raina ɗan hakin da akanta ya raina.

Wanda bai sabunta ba yana cikin haɗari, wanda ya sabunta ma ga abin da ya faru: gaba kura, baya sayaki. Duk da haka ra'ayina bai sauya ba. Waɗanda aka cuta ta hanyar sabuntawa zaɓaɓɓu ne da wata gwamnati ta sa wa ido, waɗanda ake cuta ta tsohuwar ɓarakar da ba a toshe ba kuwa kowa da kowa ne, kuma kowane ƙaramin ɗan damfara yana iyawa. Abin da labarin ya koyar shi ne cewa a babbar ma'aikata bai kamata kowace kwamfuta ta riƙa fita kasuwa da kanta tana karɓo abin da aka miƙo mata ba. Mutum ɗaya ya sauko da shi, ya tantance sa hannun, sannan ya raba.

Akwai kuma wani rashin adalci da ba a cika faɗa ba. Moolenaar ya riƙe Vim fiye da shekara 30 har rasuwarsa a watan Agustan 2023, bai sayar da ita ba, abin da ya roƙa kawai shi ne wanda ya ji daɗinta ya taimaka wa yara marasa galihu a Kibaale ta ƙasar Yuganda. Notepad++ ma kyauta ce tun fitowarta a 2003. Bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni sun ɗora harkokin biliyoyi a kan aikin sa-kai na mutane ƙalilan, ba su biya ko kwabo ba, sannan idan hukumar leƙen asirin wata ƙasa ta far wa mutum ɗaya ta yi galaba, sai a juyo ana tambayarsa me ya sa bai yi tsaro ba.

Mu dawo gida. Wani zai ce Vim da Emacs ai na ƙwararru ne, mu nan Word muka sani. To, cutar ɗaya ce, kuma a Word ɗin ma ta fi yi mana illa. A watan Nuwamban 2017 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a cikin wani ɗan ƙaramin sashe na Office mai rubuta alamomin lissafi, wanda aka harhaɗa tun shekarar 2000 aka bar shi haka nan shekara 17. A Janairun 2018 ma cire shi aka yi ɗungurungum. Amma shekaru bayan haka wannan ɓaraka ta ci gaba da zama cikin waɗanda masu damfara ta imel suka fi amfani da su: takarda ce za ta zo da sunan takardar kuɗi ko ta kwangila, ana buɗewa sai manhajar satar kalmomin sirri ta sauka. Irin waɗannan manhajojin sata ne aka samu a hannun mutum uku da 'yan sandan Nijeriya suka kama a Legas a watan Nuwamban 2020 tare da haɗin gwiwar Interpol, waɗanda aka ce ƙungiyarsu ta taɓa hukumomi da kamfanoni a ƙasashe fiye da 150. Me ya sa ramin da aka cike tun 2017 yake ci gaba da cin mutane? Domin kwafin Office da aka ɗora daga faifan kasuwa, aka kuma toshe masa hanyar sabuntawa don kada a gane na jabu ne, bai taɓa ganin facin ba. Duk wanda ya taɓa shiga ofisoshin ƙananan hukumominmu ko shagunan buga takardu da ke bakin kotuna da jami'o'i ya san irin kwafin da nake nufi. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Sannan ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da muke ta turawa koyon rubuta manhaja, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023. Mafi yawansu da VS Code suke aiki, burinsu kuma su samu aikin da ake biya da dala daga ɗakinsu. Masu bincike sun daɗe suna bin sawun wasu maharan da ake dangantawa da Koriya ta Arewa, masu shigar burtu a matsayin masu ɗaukar ma'aikata. Sukan turo wa matashi jakar aiki su ce gwaji ne, kuma a ƙarshen 2025 an ga suna saka umarnin da ke tashi da kansa da zarar an buɗe jakar a VS Code. Tun 2021 manhajar takan tsaya ta tambayi mutum ko ya amince da masu wannan jaka kafin ta bi umarninsu, wato an mayar wa maigida shawararsa. Amma yaron da ya yi shekara biyu yana neman aiki, ga Bature yana jiransa, wace amsa ake zaton zai bayar? Wajibi ne masu koyar da su su ware darasi guda a kan wannan tambaya kaɗai, su kuma koya musu buɗe kayan baƙo a cikin keɓaɓɓiyar kwamfuta wadda ba ta ɗauke da komai nasu.

Ta fuskar doka ba za a ce ba mu da komai ba. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa awa 72, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai abin da talaka ya fi sanin dokar farko da shi shi ne kama 'yan jarida da masu suka a ƙarƙashin sashe na 24, da kuma harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari da Babban Banki ya umarci a fara cira a watan Mayun 2024, kafin ihun jama'a ya sa a janye umarnin. Na so a ce rabin wannan kuzari an sa shi wajen tilasta wa kowace ma'aikata ta riƙe rajistar manhajojin da ke cikin kwamfutocinta, manya da ƙanana, da lambar zubin kowace, da sunan wanda alhakin sabunta ta ke wuyansa. A wurinmu kwangilar sayen kwamfuta ita ce mai daɗi, domin ana ƙaddamarwa a yanka kyalle a ɗauki hoto. Kuɗin lasisi da albashin mai kula kuwa su ne farkon abin da ake sokewa a kasafi. Babban sakatare ko manajan da ke karanta wannan shafi yana iya gwadawa gobe da safe: ya kira jami'in kwamfutarsa ya tambaye shi kwamfuta nawa ne ke ɗauke da Notepad++ a gidan, kuma wane zubi ne, sannan ya duba agogo ya ga tsawon lokacin da amsa za ta ɗauka.

Shi kuwa abokina akanta, bayan ya gama dariyarsa na roƙe shi ya buɗe Word ɗin da ke kan teburinsa mu duba. Office 2007 ne, wanda aka daina tallafa wa tun Oktoban 2017, kuma a kan wannan kwamfuta ake shirya albashin ma'aikata duk wata. Na tambaye shi wa ya ɗora masa, ya ce wani ɗan hidimar ƙasa ne da ya yi aiki da su, ya ma manta sunansa.